Zauren Iyali: Yaron da Ya Toshe Taga

Wata 'yar'uwa ta aiko mana da wasiƙa daga Kucheri, ta ƙasar Tsafe, tana kuka da ɗanta. Ba ta faɗi sunansa ba, "yaron nan" take ta cewa daga farkon takarda har ƙarshe, da haka muka gane ɗan fari ne. Shekararsa 14. Ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya rashin kunya, a makaranta ma ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Abin da ya dame ta shi ne ya samo kwali ya toshe tagar ɗakinsu, ya huda ɗan rami a tsakiya. Da rana ta take sai ya shige ya ja ƙofa, ya zauna cikin duhu yana duban bango. Har wa yau ya ƙarar mata da kurkum. Yakan shafa shi a takarda, ya ɗora ganye a kai, ya danne da gilashi, ya shanya a rana. Maigida ya ce wannan zaman banza ne, in an yi hutu zai kai shi Gusau koyon gyaran babur, in kuwa ya sāke ganin kwalin nan wuta zai sa masa. Ita kuma tana tsoro ko wani abu ne ya taɓa yaron. Ta tambaye mu ko ta kai shi a yi masa addu'a.

'Yar'uwa, addu'a ba ta yi wa yaro yawa, amma ki kwantar da ranki. Mun san ciwon nan sarai, gama mu ma shi ne ya kama mu, a garin nan naku kuwa, yau shekara 50 da ɗoriya ke nan, har yanzu bai sake mu ba.

Ga yadda aka yi. Muna da shekara 8 ko 9 baƙon dauro ya kwantar da mu. A zamanin nan akan sa mai baƙon dauro a ɗaki mai duhu saboda idanu, sai aka kai mu ɗakin kakarmu. Bangon ɗakin ya sha farar ƙasa, ƙyauren kuwa yana da wani rami kamar ƙwayar gyaɗa. Muna kwance da azahar sai muka ga abu yana motsi a bango. Jaki ne da mangala, yana tafiya ƙafafu a sama, kai a ƙasa. Bayansa ga matan gidanmu biyu sun dawo daga rijiya, su ma a kife, da tuluna a ka, ruwan kuwa bai zube ba. Muka kwarma ihu. Kaka ta sheƙo, da buɗe ƙofarta kome ya ɓace. Ta taɓa goshinmu ta ce zafin zazzaɓi ne. Kashegari tana zaune kusa da mu, ƙofa a rufe, ta gani da idonta. Ba ta ce uffan ba, ta tashi ta samo tsumma ta cusa a ramin. Da fitarta muka zare shi.

Abin ba shi da wuyar ganewa. Haske a miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana. Hasken da ya taso daga kan jaki, da yake daga sama ya fito, in ya bi ta ramin sai ya gangara ya sauka a ƙasan bango. Wanda ya taso daga kofato kuwa sai ya haura sama. Shi ya sa kome yake fitowa a kife, dama kuma ta koma hagu. In ramin ƙarami ne hoton yakan fito tsaf amma dushi-dushi. In aka faɗaɗa shi sai haske ya ƙaru, hoton kuwa ya dagule. Muna iya rantsewa abin da ɗanki yake ta gwadawa ke nan sa'ad da kika ga yana canza kwali.

Masana sun daɗe da sanin wannan. Akwai wani malami mutumin Basra ta ƙasar Iraƙi, Ibnul Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen shekarar 1040. Ya jera fitilu a gaban rami, a bayan ramin kuma akwai wuri mai duhu, ya ga kowace fitila ta yi nata ɗigon haske a bango. In ya kāre fitila ɗaya sai ɗigonta kaɗai ya ɓace, sauran suna nan. Kalmar kyamara ma daga harshen Latin ta fito, ma'anarta ɗaki. Watau wayar da ke hannun maigida, wadda yake ɗaukar hoton biki da ita, jikanyar ɗakin nan ce da yake so ya ƙone wa kwali. Idon mutum ma haka yake aiki, a kife hoto yake sauka a cikinsa, ƙwaƙwalwa ce take miƙar da shi.

Ku da kuka yi wayo kafin 2006 kun taɓa ganin irin wannan, ko da ba ku lura ba. Ran Laraba, 29 ga Maris na shekarar nan, aka yi husufin rana da hantsi, har Gusau da Katsina suka yi duhu kamar almuru, kaji suka nufi akurki. Mutane duka sama suke dubawa, mu kuwa muna tsugune a gindin darbejiya muna duban ƙasa. 'Yan ɗigon hasken nan da kan zubo ta tsakanin ganye, waɗanda kullum a kewaye suke, duk sun koma kamar jinjirin wata, ɗari bisa ɗari, a shimfiɗe a ƙasa. Kowace kafa ta tsakanin ganye ta zama ramin ƙyauren kaka, tana zana siffar rana. Wani maƙwabci ya ce mana, "Malam, abin yana sama, me kake nema a ƙasa?" Da muka nuna masa bai ƙara ɗaga kai ba. Ya ma yi wa idonsa gata, gama duban rana kai tsaye yana ƙona ido, ko da husufi ko babu.

Batun kurkum kuma, shi ma yana da asali. A 1842 wani masani na Ingila, John Herschel, ya rubuta bayanin yadda ya matse ruwan furanni ya shafa a takarda ya ga rana tana cinye launin. Kowace mace ta san wannan, shi ya sa ba a barin atamfa mai tsada ta yini a igiya. Inda ganye ya rufe rana ba ta kai ba, launi yana nan. Inda ke buɗe kuwa ya koɗe. Da an ɗaga ganyen sai ga siffarsa. Kurkum ya fi saurin yi, yini ɗaya na bazara ya isa, zoɓo kuwa yakan ɗauki kwanaki. Ki gaya wa yaron kurkum ba ya narkewa sosai a ruwa, ya fi sakin launi a sifirit irin na kemis da ake goge ciwo da shi, cokali ɗaya na gari ya ishe shi takardu da yawa, amma ya yi nesa da murhu. In hoton ya fito ya zuba masa ruwan kanwa tsararo, zai ga rawayan ya juya ja-ja kamar ƙasar jan gargari. Aibin irin wannan hoto ɗaya ne, ranar da ta zana shi ita take share shi. Sai a ɓoye shi a tsakiyar littafi.

To, yanzu mu zo ga maganar maigida, gama ba za mu ce ba shi da gaskiya ba. Tambayarsa ita ce, wannan abu zai ba yaro tuwo? Mu dai bai ba mu ba. Aikin koyarwa ne ya ciyar da gidanmu, hoto kuwa ci ya yi ta yi daga albashi. Muna yara mukan tsaya a kasuwar Tsafe gaban mai hoton akwati har a manta da aiken da aka yi mana. Akwatin katako ne a bisa ƙafa 3, da hannun riga na baƙin ƙyalle da yake zura hannunsa ciki. Ya zaunar da mutum, ya cire murfi, ya ƙirga, ya mayar. A cikin akwatin yake wanke takardar, ta fito dodon hoto, baƙin mutum ya zama fari, farar riga ta zama baƙa. Sa'an nan ya kafa dodon a gaban akwatin ya sāke ɗaukarsa, sai ga mutum daidai. Da muka fara karɓar albashi muka sayi kyamara tun ba mu sayi keke ba. Muka mai da makewayi ɗakin duhu da dare, da tocila da muka naɗe wa jan ƙyalle. Wankin hoto yana bukatar mazubi 3, mu kuwa ba mu da ko ɗaya, sai muka ara daga kwanonin jeren uwargida ba da saninta ba. Maganin ya ci fentinsu. Ranar da ta gane, ba ta ɗaga murya ba, amma mun yi wajen wata guda ana ajiye mana tuwo ba a cewa ga shi. Laifinmu ne, har yau in an tuna mukan sunkuyar da kai.

Mun yi kyamara da gwangwanin madara, mun yi da duma. Wata shekara muka sa takardar hoto a gwangwani mai ɗan ramin allura, muka ɗaure shi a jikin rumbu yana duban kudu, daga Kirsimeti har Ista ba mu taɓa shi ba. Da muka buɗe sai ga hanyar rana ta kowace rana a zane, layi bisa layi kamar kunyoyin gona, kowane sabon layi ya ɗara na jiya tsawo, ranakun da hazo ya yi kauri kuwa layinsu ya dushe. Ba wanda ya ba mu ko kwabo a kansa. Mutumin da ya fara kama hoto ya zauna ma, Nisefo Niyefs na Faransa, ya yi shekara 10 yana gwaji kafin ya sami hoton rufin gidaje ta tagarsa wajen 1826, a kan farantin ƙarfe da ya shafa wa wani irin kwalta. Ya rasu a 1833 dukiyarsa ta ƙare, duniya ba ta san shi ba tukuna.

Amma akwai wani ɗan ƙasarmu da muke so maigida ya ji labarinsa. Sunansa J. D. Okhai Ojeikere, an haife shi a 1930 a wani ƙauye, Ovbiomu-Emai, cikin Jihar Edo ta yanzu. A 1950 ya sayi 'yar ƙaramar kyamara, Brownie D, a kan fam 2, wani maƙwabci ya nuna masa yadda ake amfani da ita. Ya yi ta aika wa Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ibadan takardar neman aiki ba fasawa, har a 1954 suka ɗauke shi mataimaki a ɗakin wankin hoto. Daga nan ya koma gidan talabijin na Ibadan a 1961, sa'an nan wani kamfanin talla a Ikko a 1963. A 1975 ya buɗe shagon kansa. Duk wannan neman abinci ne, ya kuwa riƙe shi da kyau.

A gefe guda kuma, tun daga 1968, ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Ya shiga ɗaukar hoton kitson mata. A titi, a ofis, a wurin biki, in ya ga kitson da bai taɓa gani ba sai ya roƙi mai shi ta yarda. Abin mamaki, yawancin hotunan ta baya ya ɗauke su. Kowane mai hoto cewa yake yi a dubo nan a yi murmushi, shi kuwa sai ya ce a juya masa ƙeya. Ba adon ɗaki, ba fure, ba labule mai zane, sai kai da wuya da aikin makitsiya, baƙi da fari. Yakan rubuta sunan kitson da inda ya fito. Akwai wanda ya ɗauka a 1975 da Yarabawa suke kira Onile Gogoro, watau dogon bene, gashi a naɗe da zare ya miƙe sama kamar ginin Ikko. Ya lura kitso abu ne na mako ɗaya ko biyu, a tsefe, in yayinsa ya wuce kuma ba mai tunawa da yadda aka yi shi. Ya tara wajen hoto 1,000.

Ku lissafa, jama'a. Daga 1968 sai a 2000 ne aka yi babban nunin hotunan nan a birnin Paris aka kuma buga su a littafi. Shekara 32 ke nan yana tara hoton ƙeya a akwati, muna kuma jin ba a rasa masu cewa mutumin nan ba shi da aikin yi ba. A 2013 aka kafa su a babban bikin zane-zane na birnin Benis ta Italiya. Ya rasu ran 2 ga Fabrairu 2014. Yau makitsa da 'yan makaranta suna komawa ga hotunansa su ga abin da kakanninsu suka ɗauka a ka.

Ba mu ce ɗanki zai kai Paris ba, 'yar'uwa. Cikin dubu da ƙyar ɗaya yake kaiwa, mu ma iyakarmu Kaduna. Abin da ya sa muka kawo labarin shi ne mutumin nan bai bar sana'a don abin da ransa yake so ba, bai kuma bar abin da ransa yake so don sana'a ba. Abin da ya ɗauka ɗin ma yana gaban kowa, ba wanda ya ga ya isa a ɓata fim a kansa. Irinsa yana nan cike a Kucheri. Yaushe rabon da ki ga budurwa da doka? Tsofaffi nawa suka rage masu zanen fuska irin na dā? Rumbun ƙasa, da jeren ƙorai, da daɓen tsakar gida da mata suke yi da waƙa, duk suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuma a shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Tsafe, mutane sun fito da abin da hannu ya iya ɗauka. Mun zauna da waɗanda ba su da hoton gidan da aka haife su, ko na uban da aka binne a can.

Mu kanmu hoton mahaifiyarmu ɗaya tak ya rage mana. Ba ta taɓa yarda ta dubi kyamara ba, da mun ɗaga sai ta ja mayafi ta ce mu tafi da shiriritarmu. Wata safiya muka ɗauke ta ta baya, tana tafiya da ƙwarya a kafaɗa. A lokacin muna ganin hoton ya lalace. Sauran da muka ɗauka a ɓoye, har da masu fuska, muka zuba a kwali muka tura ƙarƙashin gado, gara ta yi damina guda tana biki a ciki. Wannan kuwa yana cikin wani littafi, ya tsira. Duk wanda ya san ta, da ya gani sai ya kira sunanta, gama karkatar wuyan nan ba ta kowa ba ce sai ita.

Gara ce ta ci namu, wasu kuwa mutane ne suka ci nasu. Samuel Fosso, wanda aka haifa a Kamaru a 1962 ya yi ƙuruciya a ƙasar Ibo lokacin yaƙin basasa, ya buɗe shagon hoto a Bangi ta Afirka ta Tsakiya a 1975, yana da shekara 13, bai kai ɗanki ba. In an tashi aiki, sauran fim da ya rage a kyamara sai ya yi ado ya ɗauki kansa, ya aika wa kakarsa a Nijeriya ta ga yana lafiya. Daga nan ya yi ta gwaji da siffar kansa har duniya ta san shi. A farkon 2014, da rikici ya ɓarke a Bangi, aka fasa gidansa ba ya nan, aka watsar da aikin shekara kusan 40 a ƙasa. Wasu 'yan jarida ne suka tarar da dodannin hotunan cikin ƙura suka tsince abin da suka iya. Saboda haka duk abin da yaro ya ɗauka mai daraja, kada a bar shi a waya ɗaya. A wanke a Gusau, a sa a gwangwani mai murfi, a kuma tura wa ɗan'uwa da ke wani gari.

Ga shawararmu ga maigida, da girmamawa. Ranka ya daɗe, kai shi gyaran babur ɗin, ba laifi. Yaron da ya iya zama awa guda yana gwada faɗin rami zai iya da kabureta. Amma a bar masa kwalinsa, a kuma yi sharaɗi. Sai ya gama aikin gida da na makaranta. Abin da zai taɓa na uwarsa ya roƙa tukuna, kurkum kuma daga yanzu ya saya da kuɗinsa. Kada ya ɗauki kowa sai da izini, kada kuma hoton matar mutane ko 'yar mutane ya hau Facebook. Na ƙarshe shi ne mai nauyi: a halin da ake ciki kada ya kuskura ya ɗaga waya a bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ko wurin jami'an tsaro, ko a daji. Ana iya ɗaukarsa mai kai rahoto, ta wannan gefe ko ta wancan, ba kuwa za a tsaya jin bayanin Ibnul Haisam ba. Aikinsa yana cikin gida. Ya fara da kakarsa in tana da rai, fuska da ƙeya, da hannuwanta a kan dutsen niƙa. Ya rubuta suna da rana a bayan kowane hoto.

Ke kuma, 'yar'uwa, muna roƙonki abu ɗaya kafin ki sāke rubuto mana. Ran Asabar da rana tsaka ki ce ya shigar da ke ɗakin. Ki ba shi aron farin zane ya rataya daura da ramin. Da farko ba za ki ga kome ba, kada ki tashi, ido yana bukatar kamar minti 5 kafin ya saba da duhu. In kin fara ganin katanga da bishiya suna reto daga sama, ki aiki ƙaramin yaro ya gaya wa maigida ana sallama da shi a ƙofar gida, don ya ratsa tsakar gida. A rubuto mana ko hularsa ta faɗi.